Zakin da Ruwa Ya Doka a Cikin Ɗaki

Allah ya yi wa garinmu baiwa da kogi, da cuku, da kuma Lubbert Stuivenberg. Kogin yakan ja baya lokacin zafi, cukun yakan ƙare a kasuwa kafin rana ta take, amma Lubbert bai taɓa raguwa ba. Shekara talatin ya yi a ofishin gari yana yanke hukuncin inda za a jingine keke da inda ba za a jingine ba, kuma ya riƙe amanar nan da gaske, don ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa ƙafa ba. Har keken fastonmu ya taɓa sa aka ɗauke daga ƙofar coci ana tsakiyar wa'azi. Da ya yi ritaya sai ya ga zalunci ne a bar irin wannan basira a gida tana leƙen taga, ya zo ya karɓi shugabancin ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kwandaloli. Na ce ya karɓa, domin har yau babu wanda ya tuna ranar da muka ba shi.

Duk Alhamis da yamma muke haɗuwa a ɗakin baya na gidan gahawar da ke bakin gada. Yawancinmu furfura ta gama da mu, kowa da ɗan akwatinsa da madubin ƙara girma a aljihu. A gabansa muna kiransa Shugaba. A bayan idonsa Sarkin Tagulla ne, in kuma ya ɓata mana rai, Kar-ka-taɓa.

A harkarmu ba tsufan kwandala kaɗai ake dubawa ba, lafiyarta ce kan gaba. Wadda ta fito daga gidan buga kuɗi ba ta taɓa kwana a aljihun kowa ba, ba ta sayi burodi ba, ba ta faɗi a kan dutsen titi ba, jan tagullarta na nan kamar jiya aka buga, ita ake rububi a kai. Ba a wanke ta, ba a goge ta, ba a ɗora mata yatsa a fuska. Ɗigo ɗaya in ya fito mata, darajarta ta faɗo ke nan, kuma ba ta sake hawa. Irin waɗannan kaɗai Lubbert yake ɗauka kwandala. Sauran, waɗanda suka sha hannu har zanensu ya shafe, yakan ɗaga su da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya ce, "Wannan ai yawon duniya ta yi. Mayar da abarka aljihu."

Amma abin da ya fi shahara da shi shi ne ilimin ƙaramin buri, wanda ya ce shi ya ƙirƙiro shi wata rana a kan keke yana dawowa daga aiki.

"'Yan'uwa," in ji shi, "jahili ne ke cewa zai tara komai. Mai hankali yakan kafa babban buri, sannan ya yanki ƙarami a cikinsa, ya cika shi tsaf, ya huta, ya yanki wani. Ku dube ni. Ban taɓa sa buri na kasa cika shi ba. Ko sau ɗaya!"

Gaskiya ya faɗa, kuma ni shaida ne. Babban burinsa shi ne duk kwandalar da masarautar nan ta taɓa bugawa. Da ya je gwanjo ya ji farashin na zinariya, sai ya dawo ya sanar da mu cewa zinariya ta masu kuɗi ce waɗanda ba su da ido, shi azurfa zai bi. Da wani likitan haƙori daga Zwolle ya kayar da shi a kan ta azurfa sau biyu a jere, sai ya gano cewa azurfa ƙyale-ƙyale ce kawai, tagulla ce ƙarfen masu zurfin tunani. A tagullar ma ya zaɓi 'yar senti ɗaya. A senti ɗayan ya zaɓi mai zanen zaki riƙe da takobi. A masu zakin ya zaɓi na ƙarshen zamanin tsohon sarki, guda shida cak. Duk lokacin da burin ya ƙanƙance yakan kira taro ya sanar da nasara, ya buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ya rufe ya mayar jaka. Haka Lubbert ya yi ta cin nasara yana ja da baya, har ya kusa fita ta taga.

Jawabi kuwa ba a magana. Kafin ya fara yakan jefa baƙar alewar nan tamu mai gishiri guda biyu a baki, wai tana buɗe masa maƙogwaro, sannan ya gyara tsayuwa ya saki murya. Lubbert ba ya magana da rabin baki. Harshe, leɓe, haƙori, kumatu, kowa sai ya kawo gudummawarsa. Kujerun sahun gaba kullum babu kowa, shi kuwa ya ɗauka kwarjini ne. "Mutane suna jin nauyin zama kusa da ilimi," haka ya taɓa gaya wa matarsa Hilke a gabanmu, ita kuma ta ɗaga kai ta kalli silin. Sabon shiga ne kawai kan zauna a gaba, shi ma sau ɗaya, ka gan shi ya fito yana goge tabarau da gefen riga bai ce komai ba. Mu mutanen garin nan ba ma son faɗa wa mutum abin da zai ɓata mana Alhamis.

Biyar daga cikin shidan sun daɗe a hannunsa, kwance a kan koren karammiski, gurbin ta shida a buɗe kamar giɓin haƙori. Da ganye ya fara zuba sai ta shidan ta fito a gwanjo a Utrecht. Lubbert ya sayar da ɗan kwalekwalen da suke fita kogi da shi shi da Hilke, ba tare da ya tambaye ta ba, ya je ya kwaso ta. A jirgin ƙasa ya yankar wa akwatin tikiti na kansa ya ɗora shi a kan kujera, wani tsoho ya yi ta tsayuwa har Deventer yana kallon akwati na hutawa.

Kwandalar kam, a faɗi gaskiya, ta isa. Ja jawur, zakin kamar zai yi tsalle ya fito, kowane gashin wuyansa a fili. Lubbert ya raɗa mata Jan Zaki. Da ita shidan suka cika, kuma da zarar sanyi ya wuce zai kai su babban baje kolin lardi. Ya ma riga ya kafa ƙusar da zai rataya lambar yabo a falo.

Wasu daga cikinmu suka ba shi shawara ya yi yadda kowa ke yi da kwandala mai irin wannan lafiya, ya aika da ita wurin masu tantancewa su ba ta lamba su rufe ta ruf a cikin roba, iska ma ba ta shiga. Kai, da ma ba su faɗa ba.

"Roba?" in ji shi. "In sa zaki a akwatin gawa? Kuma wa zai ba ta lambar? Wani wanda ban sani ba, a wani ofishi, yana cin burodi da hannu ɗaya? Idon nan nawa shi ne lamba. Jan Zaki zai zauna a fili, a ƙarƙashin kulawata, kuma babu wurin da ya fi nan tsaro a faɗin ƙasar nan."

Sai dokoki suka biyo baya. Ya manna rawayan salatif a ƙasa, nesa da tebur, ya ce ba mai ƙetarawa. Mai tari ya fita waje. Ranar da za a buɗe akwati ba a shigo da miya ɗakin. Shi kaɗai ke ƙetare layin, da farar safar hannu, ya ɗaga murfin a hankali kamar likita zai fara fiɗa. Sannan ya jefa alewa, ya sunkuya a kan Jan Zaki, ya yi mana dogon bayani a kan haɗarin numfashin jahilai ga tagulla. Kowace Alhamis haka.

A cikinmu akwai Wobbe Tolsma, tsohon likitan dabbobi, wanda rabin shanun ƙauyukan nan a hannunsa aka haife su. Shi kwandalolin da Lubbert ke ƙyama yake tarawa, wai yana son tunanin hannuwan da suka bi. Tun da matarsa ta rasu, Alhamis ce kaɗai ranar da yake aske gemu ya sa kwat ya shigo cikin mutane. Idonsa ya yi rauni. Wata Alhamis, da ya gaji da miƙa wuya, sai ya zura ƙafa ɗaya ta ƙetare salatif, ya leƙa, ya ce, "Kai, dabbar nan ta yi kyau." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Lubbert ya rufe akwati da sauri, ya yi masa irin kallon da yake yi wa keken da aka jingine a ƙofar banki.

Ana tsakiyar sanyi sai ɗige-ɗige suka bayyana. Baƙaƙe ne, ƙanana kamar kashin ƙuda, ɗaya a kan kambin zakin, biyu a cinya, ɗaya a bakin takobi. Duk mai tara tagulla ya san wannan ciwo. Danshi ne ya sauka a kai makonni da suka wuce, ya yi ta ci a ɓoye, kuma ba ya warkewa. Hilke ta ce Lubbert ya yi kwanaki ko cuku bai taɓa ba. Da ya fito kuwa, da mai laifi a hannu ya fito.

"Cin amana ne!" ya faɗa mana. "Mutum ɗaya ne ya ƙetare layi. Mutum ɗaya ne ya buɗe baki a kan Jan Zaki, kuma ranar nan miyar koren wake ya sha, da hancina na ji. Alhamis mai zuwa za a yi zama. In ta tabbata, kuma ta riga ta tabbata, Tolsma ya bar ƙungiyar nan har abada."

Na sami Wobbe a waje yana fama da makullin kekensa.

"Ni wallahi ban san na yi numfashi da ƙarfi ba," in ji shi. "Kai dai ka san gidana. In aka cire Alhamis, sauran kwanakin duk ɗaya ne, daga ni sai agogon bango."

Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Amma Lubbert ke riƙe da makullin ɗakin, shi ke riƙe da gwangwanin biskit, kuma mutanenmu in aka ce a ɗaga hannu sai sun saci kallon hannun Shugaba tukuna.

Ranar zaman, Sarkin Tagulla bai zo da wasa ba. Ya aro wata na'ura mai ido kamar na kyamara, wadda ake sa ƙaramin abu a ƙarƙashinta majigi ya haska shi a bango. Aka ja labule. Ya ɗora Jan Zaki a ƙarƙashin idon, sai ga zaki a bangon da ke bayansa ya kai girman saniya, baƙaƙen ɗige-ɗigen nan kowa na gani. Wobbe na can kujerar ƙarshe, laimarsa da ba ya rabuwa da ita a tsakanin gwiwoyi. Hilke ma ta zo, ta zauna nesa kamar yadda ta saba.

Lubbert ya jefa alewa uku, saboda girman ranar. Ya dafa tebur da hannu biyu, ya sunkuyo a kan kwandalar, fuskarsa gare mu, bayansa ga bango.

"'Yan'uwa! Ku dubi abin da sakaci ya yi! Fiye da shekara ɗari dabbar nan tana nan tsaf. Ta tsallake yaƙi, ta tsallake ambaliya, ta tsallake hannun 'yan kasuwa, sai ga shi bakin mutum ɗaya ya kashe ta. Baki, 'yan'uwa! Baki marar tsafta, marar tarbiyya, marar tsoron tagulla!"

Bai rufe baki ba na farko ya sauka, kuma mu duka mun gani. Wani ɗigo ne ƙasa-ƙasa mai ƙyalli ya faɗo a bango, daidai hancin zakin, ya kai girman kwanon miya. Biyu suka biyo bayansa a wuya. Daga nan sai yayyafi.

Wani a baya ya yi wata ƙara kamar an shaƙe agwagwa. Lubbert ya ji motsin ɗaki, ya ɗauka jawabi ne ke ratsa zukata, sai ya ƙara wuta.

"Na ga jikinku ya yi sanyi. Dole ne! Ni da na tsara dokar nan na san abin da nake tsoro. Tagulla ba ta son danshi! Tagulla ba ta son gishiri! Gishiri, 'yan'uwa! Ɗigo ɗaya tak mai gishiri ya isa ya cinye tarihi, amma wasu sai su zo su tsaya a kanta, su saki baki, ko kunya babu!"

Zakin da ke bango ya jiƙe sharkaf. Kambi ya jiƙe, takobi ya jiƙe, wutsiya ma ba ta tsira ba. Uwar gidan gahawar ta shigo da tire, ta dubi bango, ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce, "Yau kuma? Kwanan nan fa aka gyara rufin nan." Tsohon da ke gefena ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba. Ba wanda ya iya cewa komai, domin duk wanda ya buɗe baki dariya ce za ta fito.

Sai Wobbe ya miƙe. Ya tako a hankali tsakanin kujeru, ya zo bakin rawayan salatif, ya dube shi, ya ƙetare da ƙafa biyu.

"Kun gani!" Lubbert ya daka tsawa, zaki ya sha sabon zubi. "A gaban idonku! Ya sake!"

Wobbe ya buɗe laimarsa fat, ya karkata ta tsakanin bakin Shugaba da kwandalar. Ragowar tsawar muka ji tana sauka tas-tas a kan laima.

"Ka gafarce ni, Shugaba," in ji shi. "Kora dai ka kore ni, amma ni likitan dabbobi ne. Ba zan zauna ina kallo ruwa na dukan dabba ba."

Ɗaki ya fashe. Lubbert ya waiwaya, karo na farko a tarihin ƙungiya da ya dubi inda muke duba, ya ga zaki na iyo. Ya dubi silin. Ya dubi Wobbe. Sannan ya kai farar safar hannunsa ya taɓa leɓe, ya ɗago, ga tabon alewa a kan yatsa, launi ɗaya da na bango.

"Rufin ne," ya ce da wata 'yar murya da ba mu san yana da ita ba. "Rufin nan yana yoyo."

"Rufina ba ya shan alewa," in ji uwar gidan gahawar.

"Haba Lubbert," Hilke ce daga can baya, tana juya cokali a gahawarta. "Kai a tunaninka me ya sa na sayi dogon tebur a gida? Ran bikinmu ma da ka tashi jawabi, babana hula ya kife a kan kek ɗinsa."

Wani ya ce tunda na'ura na nan, a duba sauran biyar ɗin mana. Lubbert ya so ya hana, amma ya rasa bakin magana, abin da ba mu taɓa zaton za mu gani da ranmu ba. Aka sa su ɗaya bayan ɗaya. Kowane zaki ya fito a bango da ɗige-ɗige kamar zabuwa, ƙanana, tsofaffi, tun kafin a san za a manna salatif. Shekaru yana yabonsu, bai taɓa samun lokacin duba su da kyau ba. Har mun iya gane wasu. "Wancan babban na kan wutsiya," in ji tsohon da ke gefena, yana share hawaye, "ai ranar da ya yi magana a kan likitan haƙorin Zwolle ne."

Aka ce a ɗaga hannu a kan maganar Wobbe, kuma ranar nan babu wanda ya saci kallon hannun Shugaba. Aka bar Wobbe a ƙungiya. Wobbe ya naɗe laimarsa, ya tsaya yana goge ido da bayan hannu, ni kuwa na daɗe ban ji daɗi irin na yammacin nan ba. Da zai wuce sai ya tsaya a gefen Lubbert ya ce a hankali, kuma na san ba da mugunta ya faɗa ba, "In ka gaji da su ka kawo mini. Ni ina karɓar waɗanda suka sha wahala."

Amma babban mutum ba ya faɗuwa haka kawai. Alhamis ta gaba Lubbert ya dawo da ƙirjinsa a gaba. Ya tarar salatif na nan, sai dai wani ya ɓamɓare shi ya zagaye kujerar Shugaba da shi, nesa da kowane tebur. Ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya ce ya daɗe yana ganin ya kamata a keɓe wa shugabanci wurinsa. Wobbe ya zauna a sahun gaba shi kaɗai, da sabon aski, laima a kan cinya.

Sannan Sarkin Tagulla ya sanar da mu cewa baje kolin lardi ya zama dandalin 'yan kasuwa, bai dace da mutum irinsa ba. Ya kuma yanki sabon ƙaramin buri: zakuna masu ɗigo na ƙarshen zamanin tsohon sarki, guda shida, waɗanda hannu ɗaya ya rena. A duk faɗin ƙasar nan, in ji shi, babu mai irinsu cikakku sai shi. Wannan kam ba wanda ya musa.

Ya sanar da nasara. Ya buɗe gwangwanin biskit, ya rungume shi a ƙirji, ya jefa alewa, ya yi mana cikakken bayani a kai. Da ya gama ya miƙo gwangwanin, duk muka ce mun ƙoshi.

Lubbert ya rufe ya mayar jaka, ya juya ya gaya wa Hilke cewa ilimi ne ya cika mana ciki.